Zauren Ɗalibai: Kafin Ka Shiga Ramin Haƙar Ma'adinai

 Hutu ya ƙarato, kuma na san wasunku na shirin bin masu haƙar zinare a Zamfara ko kuza a Filato don samun na kashewa.

Wani abokina da muka yi sakandare tare ya yi hutu biyu a rami. Yau ko ruku'u zai yi sai ya dafa bango.

Ga dalili. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai guringuntsi mai laushi kamar matashin kai. A fili, mutum kan durƙusa ya ɗaga kaya da ƙarfin cinyoyinsa. A rami kuwa babu wurin miƙewa. A sunkuye kake jan buhun duwatsu kana murɗa ƙugu, duk nauyin yana kan ƙasan baya. Idan guringuntsin ya bulluƙo ya danne jijiya, ciwon kan sauka har ƙafa.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana sa ɗan ƙasa da shekara 16 aiki a ƙarƙashin ƙasa. Wanda kuma ya fara jin ciwon baya ƙafa na sagewa, ya je asibiti, kada ya tsaya ga maganin kemis. Lafiya uwar jiki.

Sai mako mai zuwa.