Bututun mai na neman masu walda, amma wa ke da takarda?

A watan Maris na 2025 hukumomin Yamai sun sallami wasu manyan jami'ai uku ƴan China da ke shugabantar kamfanonin mai a ƙasar nan, ciki har da na matatar SORAZ ta Damagaram. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai ratar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Tun lokacin ake ta maganar damƙa ayyukan mai hannun ƴan Nijar. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai aikin ba na ofis kaɗai ba ne.

Bututun da ya taso daga Agadem zuwa Seme a Benin ya kai kusan kilomita 2000, kuma guntu-guntu aka haɗa shi, kowace gaɓa da wutar walda. Irin wannan haɗi ba a yarda da shi da kallon ido. Hoto ake ɗaukar sa da na'ura a duba cikin ƙarfen, kuma mai walda ba ya taɓa bututun sai ya ci jarrabawa, yana riƙe da takardar shaida.

A nan ne gizo ke saƙa. Masu walda ba su yi mana kaɗan ba. Duk wanda ya bi titunan Maraɗi ko Tawa zai gan su a bakin hanya suna ƙera ƙofofi, tagogi, gadaje da amalanke. Yawancinsu wajen ubangida suka koya, shekara da shekaru, wasu da baƙin tabarau na kasuwa a madadin abin kare ido. Hannu ya faɗa, amma babu takarda, kuma ba su taɓa haɗa bututun da mai ke bi da ƙarfi ba. Ga kuma matsalar wuta: da Najeriya ta yanke mana lantarki a watan Agusta na 2023, su ne aka fara gani zaune a bakin shago.

Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM, da makarantar fasaha ta Dan Kassawa a Maraɗi, da asusun FAFPA mai tallafa wa horo. A ganina, abin da ya kamata a fara da shi shi ne a ɗauko ƙwararrun bakin hanyar nan, a ƙara musu horon ƴan watanni a kan bututu, a gwada su, a ba su takardar da kamfanonin mai suka yarda da ita. Kuɗin horon kuwa, kamfanonin da ke ɗibar man ya dace a ɗora wa, a rubuce cikin yarjejeniya.