Rufin asirin da ke cin yaranmu

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a unguwarmu ta tare ni bayan la'asar. "Malam, ina da magana, amma don Allah kar ta fita." 'Yarta mai shekara 12 ce ta daina son zuwa makaranta, kullum da safe sai ciwon ciki. Sai da kakarta ta lallashe ta sannan ta buɗe baki: akwai malamin da ke tsayar da ita in an tashi, wai ta kai masa littattafai ɗakinsa. Sauran ba zai rubutu a nan ba. Na tambayi uwar me aka yi. Ta ce dattawa sun zauna, an kira shi, ya ba da haƙuri, aka ce a rufa wa juna asiri. Bayan sati biyu ya kwashe kayansa ya bar gari. Ta ji labarin har ya samu wata makarantar yana koyarwa.

Na san abin da ke sa mu yin haka. Mu mutanen zango, daga Nima da Mamobi har Aboabo a Kumasi, mun gaji da jin ana jingina mana kowane mugun suna. Muna gudun a ce, "ga su nan kuma." Uwa tana gudun 'yarta ta rasa miji nan gaba. Uba yana jin nauyin kai malami gaban 'yan sanda, musamman in malamin addini ne. Duk na fahimta. Amma a labarin nan, wa aka rufa wa asiri? Yarinyar tana gida ba ta karatu. Shi kuwa yana can gaban wani ajin, kuma iyayen waɗancan yaran ba su san komai ba. Mu da muka yi shiru, mu muka miƙa masa su.

Ƙasar nan ba ta rasa doka ba. Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, a 1990. Dokar Yara ta 1998 ta ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro nauyin kai rahoto ga ma'aikatar jin daɗin jama'a. Ba ta ce sai uwa ko uba ba, maƙwabci ma yana ciki, shugaban makaranta kuwa balle. Dokar manyan laifuka ta 1960 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ga wanda ya kwanta da yaro ko yarinyar da ba ta kai 16 ba, kuma "ai da yardarta" ba ya wanke kowa. 'Yan sanda suna da sashe na musamman, DOVVSU, don irin wannan. Laifi ne da zaman dattawa ba shi da hurumin yafe shi.

Sai maganar bulala, wadda na san za mu sha bamban da wasunku. Hukumar Ilimi ta Gana ta hana dukan ɗalibai tun 2017, kuma hanin ya shafi makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar. Ni ma na sha dorina a zaure, kuma har gobe ina yi wa malamina addu'a. Amma ina tuna wani ɗan ajinmu da aka farfasa wa baya kan harafi ɗaya, bai sake waiwayar allo ba. Uban da ya ce, "Malam, in ya ƙi karatu ka zane shi," bai ba da izinin a fitar masa da jini ba. Kuma yaron da ya saba cewa babba yana da ikon yin abin da ya ga dama da jikinsa, ranar da aka yi masa wanda ya fi duka muni, shiru zai yi.

Inda na fi damuwa shi ne makarantunmu na yamma da na Asabar da Lahadi, waɗanda mu muka gina da kuɗinmu, ba jami'in da ke leƙa su. Wa ke bincikar sabon malami kafin a damƙa masa yara? Sau da yawa ƙira'a mai daɗi ta isa. Kiran waya ɗaya zuwa inda ya baro, a tambayi dalilin barinsa, ba ya cin sidi nawa. A kafa ƙa'ida, a faɗe ta gaban iyaye: malami ba ya keɓewa da yaro a ɗaki rufe, ba a aiken ɗaliba gidan malami wanki ko ɗebo ruwa ko girki, komai girmansa. Malamin kirki ma wannan kariya ce gare shi daga zargi. A kuma samu mace guda mai amana a kowace makaranta, wadda yara suka san za su iya gaya mata magana ba ta ce musu "rufe mana baki" ba. Yara maza ma ana cutar da su, kuma su ne suka fi ɓoyewa.

Ga limamanmu da sarakunan zango, ina magana da ladabi: sulhunku ya raba rigimar fili da ta aure ba adadi, Allah ya saka da alheri. Wannan kam in ta zo gabanku, ku kama hannun uwar ku raka ta asibiti da ofishin 'yan sanda. Rakiyarku ce za ta hana unguwa zaginta.

Na gaya wa mai kokon haka. Ta ce sai ta shawarci baban yarinyar, yana kan hanya daga Tamale da mota. Na ce mata ranar da suka shirya, tare za mu je.