Kora Ba Ta Maganin Kora

'Yan uwa malamai da iyaye, har yaushe za mu riƙa korar yaro daga aji domin kora ta fito masa a ka? Cutar nan dangin funfuna ce. Askar wanzami, aron hula da cunkoson aji ke yaɗa ta, balle da damina, lokacin da danshin kogin Haɗeja ke mamaye azuzuwanmu. Man shafawa kaɗai ba ya kashe ta, sai an sha griseofulvin na mako 6 zuwa 8. Yaron da ya fara shan magani kuwa, aji ne muhallinsa. Mu tura shi asibiti, kada mu tura shi talla. Gashi zai sake tsirowa, amma zangon karatun da ya wuce shi ba zai dawo ba.