Mun Yabi Bangon Rum, Mun Rushe Na Gida

Wai shin me ke damun 'yan bokonmu ne? Da zarar ɗayansu ya leƙa gidajen tarihi na Italiya ya dawo, sai ya hana kowa sakat da labarin zanen da Michelangelo ya yi a rufin wata majami'a ta fadar Paparoma daga 1508 zuwa 1512. Ba mu ƙi ba, gwani ya yi aiki. Amma ka tambaye shi yaushe rabonsa da Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya rasu a 1499, sai ya hau sosa ƙeya.

Abin da ya burge shi a can, wato sa launi a kan ɗanyen yaɓe don su bushe tare, ai ɗan'uwan aikin maginanmu ne. Su ma tun yaɓe na ɗanye suke fitar da dagi da sauran zayyana a goshin zaure, su bi da makuba don ruwa. Ko a ƙauyukan Tsanyawa wannan ba baƙon abu ba ne, har mata kan ƙawata ɗakin amarya da farar ƙasa. Yau kuwa wanda duk ya sayar da amfanin gona ya sami rara, sai ya tura zauren kakansa ya dasa bulo da kwano, a ce ya waye.

Za a ce ai ginin ƙasa ba ya jure damina. To, na Turawan jurewa ya yi da kansa? Shekara goma sha huɗu, daga 1980 zuwa 1994, aka yi ana wanke zanen Michelangelo daga hayaƙin kyandir da ƙura. Mu kuwa a Zariya, masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin siminti aka kifa a kan abin da ya rage nasa. Za a kuma fake da addini. To, dagi ba mutum ba ne, ba dabba ba, kuma masallatai ma an yi musu zayyana.

Kaso mai tsoka na laifin nan namu ne, marubuta. A littattafanmu, kowane saurayi gidan bene gare shi, da kafet da fitilu 'yan waje. Wa ya taɓa sa magini ya zama tauraron labarinsa? Mu muka koya wa yara cewa soro alamar talauci ne.

Saboda haka kowane reshe na ƙungiyar nan ya nemi tsofaffin magina na yankinsa, a rubuta sunayen zane-zanensu da yadda ake haɗa yaɓe, a ɗauki hoton zaurukan da suka saura tun damina ba ta cinye su ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.