Zare a Hannun Hagu Ba Rashin Tarbiyya Ba Ne

Ga shi hunturu ya kawo kai, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Ngaundere a irin wannan lokaci ya san sanyin asuba ba ya ragawa jarirai da tsofaffi. Mata sun ciro tsinkayen saƙarsu daga ƙasan akwati, ana ta saƙa hulunan sanyi da safa da suwaita. To, a kan wannan saƙa ce za mu yi magana a wannan wata, saboda wani abu da ya faru a gabanmu.

A makarantar da muke koyarwa akwai darasin aikin hannu da yamma. Wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda mahaifiyarta ta koya mata kwarashi tun tana ƙarama, da aka ba ta tsinke biyu sai ta naɗe zaren a yatsanta na hagu ta kama aiki. Matar da ke taimaka mana da darasin ta buge mata hannu, ta ce wannan rashin tarbiyya ne, zare a dama ake riƙe shi. Yarinya ta yi mako uku ba ta leƙo darasin ba. Da mahaifiyarta ta zo, abu ɗaya ta tambaye mu, ta ce, "Malam, saƙar ce ta ɓaci, ko kuwa hannun ne laifin?" Muka duba ɗan abin da yarinyar ta saƙa, ba mu ga aibu ko ɗaya ba. Kunya ta kama mu, domin da farko mu ma mun ɗauka malamar ce ke da gaskiya.

Bayan mun bincika, sai muka tarar cewa manyan hanyoyin saƙa da tsinke biyu a Turai iri biyu ne. Akwai ta Ingila, inda ake riƙe zare a hannun dama, duk lokacin da za a fitar da sabon ido, wato ɗan zoben zaren nan da ke kan tsinke, sai hannu ya ɗaga ya zagaya zaren a bakin tsinken. Akwai kuma wadda ake yi a Jamus da Norwe da sauran ƙasashen arewaci da gabashin Turai, inda zare ke kwance a kan manuniyar hagu, tsinken dama ne ke zuwa ya tsinto shi, kamar dai yadda kwarashi ke yi. Abin da ake samu a ƙarshe iri ɗaya ne, ba mai duban suwaita ya faɗi hannun da ya riƙe zarenta.

Wani abin lura shi ne, ba mu ne muka fara ƙyamar wannan hanya ba tare da dalili ba. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, masu saƙa a Ingila da Amurka sun ja baya da ita saboda ana kiranta saƙar Jamusawa. Wata mata mai suna Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila a 1910 wadda ta koma Amurka da zama, tana cikin waɗanda suka dawo mata da martaba ta hanyar littattafanta, musamman wanda ta fitar a 1971. Ita kanta da dama aka fara koya mata a gida, daga baya wata mai renonta 'yar ƙasar Suwizalan ta nuna mata ta hagu.

Mun san abin da ke damun iyaye, kuma ba mu raina shi ba. Addini da al'ada sun koya mana ci da sha da bayarwa da karɓa da hannun dama, kuma a kan haka muke tarbiyyar 'ya'yanmu. Amma sana'a hannu biyu take so, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu mata da ke kaɗi, audugar a hagu suke riƙe ta, dama tana murza mazari, ba wanda ya taɓa ce musu marasa ladabi. Bugu da ƙari, wannan hanya ba saƙar bahago ba ce, domin tsinken dama shi ne dai mai aikin, hagu gadin zare kawai take yi. Sai dai bahagon yaro yakan fi jin daɗinta, tun da an ba hannunsa mai ƙarfi abin yi.

Da yake gani ya kori ji, sai muka ari tsinke muka zauna, yarinyar nan ta zama malamarmu. Ga abin da muka koya. Za a zagaya zare sau ɗaya a ƙaramin yatsan hagu, a bi da shi ta ƙarƙashin yatsu biyu na tsakiya, a ɗora shi a kan manuniya. A saƙar fuska, zaren yana bayan tsinke. Sai a soka tsinken dama cikin idon farko daga hagu zuwa dama, a tsinto zaren da bakinsa, a jawo shi ta cikin idon, a zame tsohon idon. Wannan a kwana biyu hannu ya saba. Saƙar baya ita ce mai wuya, domin zaren yana dawowa gaba, sai an danna shi ƙasa da yatsa kafin tsinke ya kama shi. A nan ne muka yi ta fama, yatsunmu suka sandare, har yarinyar ta ce, "Malam, ka sassauta, zaren ba gudu zai yi ba."

Masu son gwadawa su kiyaye abu uku. Na farko, a fara da ido 20, da zare mai kauri mai hasken launi, da tsinke mai kaurin milimita 5, a riƙa yin minti goma sha biyar kullum. Na biyu, a lura da ɓangaren da ake zagaya zare a saƙar baya, in aka juya shi idanun za su murɗe a layi na gaba, saƙar ta yi tauri. Na uku, kada a canja hannu a tsakiyar rigar da aka riga aka fara, domin tsaurin zaren zai bambanta, kuma wurin zai nuna kamar tabo.

Amfaninta kuwa a fili yake. Motsin hannu kaɗan ne, saboda haka mutane da yawa sun fi sauri da ita. Ta fi sauƙi wajen saƙa bakin hannun riga da bakin hula, inda ake yin fuska ɗaya baya ɗaya. Wadda ta iya hanyoyin biyu kuma tana iya riƙe launi ɗaya a kowane hannu ta fitar da ado. Ga matar da ke sayar da kayan jarirai don ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Duk da haka ba mu ce kowa ya watsar da hanyarsa ba. A 2006 wata 'yar ƙasar Holan, Miriam Tegels, mai riƙe zare a hagu, ta saƙa ido 118 cikin minti ɗaya. A 2008 kuma Hazel Tindall ta tsibiran Shetland, mai riƙe shi a dama, ta saƙa 262 cikin minti uku a wata gasa. Ashe dai gwaninta a sabo take.

Roƙonmu ga 'yan'uwanmu malamai da iyaye mata shi ne, kafin a buge hannun yaro, a fara duba aikin da hannun ya yi. Yarinyar ta dawo darasi, malamar kuma, Allah ya saka mata da alheri, ta ba ta haƙuri a gaban 'yan aji, yanzu ma ita ke sa ta ta nuna wa masu kwarashi yadda ake yi. Mu kuwa muna nan muna fama da saƙar baya, sannu ba ta hana zuwa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.