Yaron da ya makara wajen magana ko tafiya: Ina za a kai shi a Maiduguri?

Yau da ke nake, uwa, da kai uba, da ke kaka mai riƙon jika. Idan yaro ya kai shekara biyu bai ce "mama" ba, ko a kira sunansa bai waiwayo ba, mafi yawanmu me muke cewa? "Ai ubansa ma haka ya yi, ku bar shi zai yi." Wani lokaci hakan gaskiya ne. Amma wani lokacin jiran shi ke cinye shekarun da ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar gyara, wato ukun farko na rayuwarsa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai alamomin da bai kamata ku zuba musu ido ba. Jariri ya kai wata huɗu wuyansa bai tsaya ba. Ya kai wata tara bai zauna da kansa ba. Ya kai wata 18 bai taka ba, ko bai furta kalma ko ɗaya ba. Ya kai shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, kamar "ba ni" ko "sha ruwa". Ba ya haɗa ido da ku, ba ya nuna abu da yatsa. Mafi gaggawa shi ne yaron da ya fara magana ko tafiya sannan ya daina.

Waɗannan alamomi ba su nufin abu guda. Wani kurumta ce, wani galahanga, wani farfaɗiya, wani kuma shanyewar gaɓoɓi da ta samo asali daga ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da galahanga. A yankinmu kuma akwai musabbabai sanannu: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da tamowa. Rikicin da ya taso tun 2009 ya raba dubban iyalai da garuruwansu, ya sa mata da yawa haihuwa ba ungozoma, ga yunwa. Ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ta ƙara tarwatsa gidaje da katunan asibiti. Don haka wannan magana ta shafi Borno ƙwarai.

Wasu kan ce ai yaron ya rikice ne saboda a gida ana Kanuri, a unguwa ana Hausa, kaka kuma tana Shuwa. Jin harsuna biyu ko uku ba ya hana yaro magana. Kada wannan ya zama dalilin zama a gida.

To ina za a nufa? Ku fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, a Gwange kuke ko Bolori ko Bulumkutu. Ku faɗi abin da kuka gani dalla-dalla, ku nemi a rubuta muku takardar turawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke hanyar Bama yana da likitocin yara da na kunne da masu gashin ƙashi. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga shi ke duba abin da ya shafi ɗabi'a da fahimta da farfaɗiya. Zuwa can ba ya nufin ɗanku mahaukaci ne. Ku tafi da katin rigakafi, ku tuna yadda haihuwar ta kasance, kuma ku ɗauki hoton bidiyon abin da yaron ke yi a waya, domin a gaban likita sau da yawa yaro ba ya nuna halinsa. Duk yaron da magana ta yi masa jinkiri, ku dage a gwada jinsa tukuna.

Sauran aikin na hukuma ne. Uwa tana kai jariri rigakafi a mako 6 da 10 da 14, da wata 9 da wata 15. A kowane zuwa ana ɗora shi a sikeli. Me zai hana a ƙara tambayoyi uku ko huɗu: yana zama? yana waiwayowa? yana gwaranci? Akwai takardar tambayoyi mai suna M-CHAT da ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30, cikin 'yan mintuna. A samar da ita da Hausa da Kanuri, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an tsara shi ne don irin waɗannan ma'aikata, kuma yana da sashen yara.

Na biyu, takardar turawa ta faɗi sashen da za a je da ranar da ake ganin yara, kada uwa ta biya kuɗin keke napep sau uku tana yawo tsakanin ƙofofi. Na uku, likitan da ya duba yaro ya mayar da bayani ga asibitin da ya turo shi, don a ci gaba da bibiya kusa da gida. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi da kiwon lafiya. Haƙƙin kuwa ba ya samuwa ga yaron da ba a ma gano matsalarsa ba.

Kafin ranar ganin likita ta zo, kada ku ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Ku yi masa hira lokacin wanka da cin abinci, ku bar shi cikin 'yan'uwansa, ku rage masa kallon waya. Kada a doke shi a kan abin da ba ya iyawa, kada kuma a ɗora wa uwarsa laifi. Masu cewa aljanu ne ko "ɗan ruwa" ne, ku ba su haƙuri: addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ba kowace lalura ke warkewa ba, amma farfaɗiya tana da magani, mai ƙarancin ji yana iya samun na'urar kunne, gashi kuma yana taimakon gaɓoɓi idan an fara da wuri.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.