Kafin mu karɓi takardar difloma, mu koyi sunan birki da Sinanci

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu na sashen injiniyan kanikanci, ina da shawara guda: ƙungiyarmu ta buɗe ajin koyon kalmomin mota da Sinanci. Ba sai mun iya harshen gaba ɗaya ba. Kalma ɗari ta ishe mu farawa.

Dalilina ga shi a kan titi. A 2023 ƙasar Sin ta wuce Japan wajen fitar da motoci zuwa waje, kuma tun 2019 ta ba da izinin fitar da motocin gwanjo. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Sin, allon gabanta da takardunta da Sinanci suke zuwa. Yau ga Changan, ga GAC, ga Geely suna yawo a garuruwanmu. Gobe a garejin wa za a faka su? Namu mana.

Kuma abin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Kalmar che (车) ita ce abin hawa, kalmomi da yawa a kanta ake ɗora su. Sijiache ita ce motar gida: si na nufin na kashin kai, jia gida, che mota. Kun ga kusan yadda mu ma muke faɗa. Chuzuche motar haya ce, ershouche motar gwanjo, wato "hannu na biyu". Shache birki, luntai taya, fadongji inji, dianchi batir.

Inda kuɗi yake kuwa shi ne wajen kayan gyara. Yuanchang (原厂) na nufin kayan ainihin kamfanin da ya ƙera motar, fuchang (副厂) kuwa na wani kamfani daban. Wanda bai iya bambance waɗannan a takardar oda ba, sai ya biya kuɗin na farko a aiko masa da na biyu daga Guangzhou. Idan birki ne fa, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, rai ne.

Wani zai ce ai wayarsa tana fassara. Gaskiya ne, amma waya ba ta san wace fassara ce ta dace da gareji ba, kai ne za ka sani. Wani kuma zai ce karin sautin Sinanci da wuya. Haba malam! Bahaushen da ya bambance kukan yaro da kukar miya zai kasa bambance mǎi, saye, da mài, sayarwa?

Akwai cibiyoyin koyar da Sinanci a Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe da ke Awka, amma sun yi mana nisa. Don haka shugabannin ƙungiya su nemo mana malami, ko da awa ɗaya ce a mako. Difloma kowa a ajinmu zai fita da ita. Ranar neman aiki, wanda ya iya karanta abin da motar ke faɗa shi za a fara kira.